Garwashin Da Ka Binne, Ƙafar Wa Zai Ƙona?

 

Ya ku 'yan'uwana samari, mas'alar da nake so mu duba a wannan ɗan littafi, in an ambace ta sai ka ga mutum ya yi murmushi, yana ganin ba ta kai a ɓata takarda a kanta ba. Mas'alar ita ce: shin mutumin da ba ka sani ba, ba ka taɓa ganinsa ba, ba kuwa za ka gan shi ba har ka koma ga Allah, yana da haƙƙi a kanka? In yana da shi, wa zai nemar masa? In ka tauye masa, ina za ka same shi ka roƙi gafara?

Ni ba a cikin aji na san nauyin wannan tambaya ba. A gefen murhun gashin nama na san shi, a wani wurin shaƙatawa na birnin Riyad, kuma laifin da ya koya mini darasin da hannuna dumu-dumu a ciki. Saboda haka kada wani ya ce Malam ya hau mumbari yana nuna mutane da yatsa. Da kaina zan fara.

WADI HANIFA

Wurin da nake nufi sunansa Wadi Hanifa. Kwari ne mai tsawon kusan kilomita 120, ya taso daga arewa, ya bi ta yammacin Riyad, babban birnin Saudiyya, ya gangara kudu. Sunan ƙabilar Banu Hanifa aka sa masa, mutanen Yamama, waɗanda suke zaune a cikinsa tun kafin zuwan Musulunci suna noman dabino da alkama. Wanda ya karanta tarihin Sahabbai zai tuna da Sumamatu ɗan Usal (R.A.), ɗaya daga cikin shugabanninsu, wanda bayan ya musulunta ya tsare wa Ƙuraishawa alkamar Yamama har abin ya matsa musu. Watau tun asali ƙasa ce mai ciyar da mutane.

Da kuɗin man fetur suka shigo, birnin ya yi ta faɗaɗa daga shekarun 1970, sai kwarin ya ga ta kansa. A haƙi dutsensa da yashinsa a yi gini, in an gama ginin a kwaso baraguzai a dawo a juye masa. Ruwan ƙazanta na gari ya riƙa gangarowa cikinsa. Wurin da kakanni suka ci abinci daga gare shi ya koma juji. Ku lura da kyau, ba wani azzalumi guda ɗaya ne ya tashi da niyyar kashe kwarin ba. Kowa ɗan nasa ya zuba, yana cewa a ransa, ai tifa ɗaya ba za ta ɓata kwari mai wannan tsawo ba.

A shekarar 2001 hukumar raya birnin Riyad ta sa aka tsara yadda za a gyara shi. Aka shafe shekaru ana kwashe shara, ana gyara hanyar ruwa, ana dasa itatuwan da suka saba da ƙasar. Aka gina waɗansu gurabe na duwatsu inda ruwan ke bi a hankali, gansakuka da ƙananan halittu da kifaye suna cinye dattinsa. A 2010 aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne wuraren zaman da aka yi wa iyalai: kowane lungu an kewaye shi da gajeriyar katangar dutse, yadda mata za su sake ba tare da idon baƙo a kansu ba, ga kuma wuraren hura wuta a gasa nama.

Ranar wata Juma'a ce a lokacin sanyi, bayan La'asar. Waɗansu ɗalibanmu da ke karatu a jami'o'in birnin suka ce, "Malam, yau sai mun fitar da kai ka sha iska, kullum kana ɗaki." Mu bakwai muka tafi. Muka tarar da motoci jere a gefen hanya, iyalai sun cika ko'ina. Ga tsoho ya kishingiɗa a kan darduma ɗansa yana zuba masa gahawa, ga magidanci ya naɗe hannun riga yana fifita gawayi da guntun kwali, ga yara suna tsere a cikin rairayi ba takalmi. Mu ma muka sami lungu muka shimfiɗa. Yaran sun sayo naman rago, ga yajin ƙuli da ɗayansu ya zo da shi daga gida yana adana shi kamar zinariya. Wuraren gashin da ke kusa duk an riga mu, sai muka hura wuta a ɗan murhun ƙarfe da suka zo da shi. Maƙwabtanmu na dama suka aiko mana da dabino, muka aika musu da tsire, har suka turo yaro ya tambayi sunan wannan yaji.

Magariba ta yi, muka yi sahu muka yi salla. Muka zauna ana shan shayi ana mas'aloli, har gardama ta ɓarke tsakanin biyu daga cikinsu a kan wani hadisi, ingantacce ne ko mai rauni. Na raba gardamar ina jin daɗi a raina, ga samari masu kishin ilimi. Bayan Isha'i muka tashi. Muka tsince ledoji da robobi da ƙasusuwa tsaf, muka kai kwandon shara. Saura garwashi. Murhun zai shiga bayan mota, dole a juye shi, aka juye a ƙasa. Ƙaramin cikinmu ya ce, "Malam, in zuba masa ruwa?" Ruwan da ya rage roba ɗaya ce, ga hanya a gabanmu. Na ce, "Bar shi, tura masa ƙasa, ya isa." Ya sa ƙafa ya tura rairayi ya rufe, wurin ya yi sumul kamar ba a taɓa hura wuta a nan ba. Muka tafi muna ganin mun bar wuri fes.

Mun yi tafiyar kamar kwata na awa, sai ɗayanmu ya shafa aljihu ya ce ya bar makullin ɗakinsa a kan katangar. Muka juya. Tun kafin mu ƙarasa muka ji kukan yaro, irin kukan da kana ji ka san ba na rigima ba ne. Wani iyali ne suka zo bayanmu, suka ga lungu a share, suka sauka. Yaronsu, bai fi shekara huɗu ba, ya diro daga mota ya ruga da gudu, ya taka daidai inda muka binne wutar. Uwa tana riƙe da shi, uba ya durƙusa yana kwarara masa ruwa a tafin ƙafa, fatar har ta tashi.

Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi. Abin da ya fara zuwa mini a zuci shi ne, babu wanda ya san mu ne. A ɗauki makulli, a yi musu sannu kamar masu wucewa, a tafi. Ina cikin wannan saƙe-saƙe sai wannan ƙaramin namu, wanda ya nemi ya zuba ruwa na hana shi, ya matsa gaban mutumin ya ce masa da Larabci mu ne muka zauna a nan, mu muka binne wutar. Mutumin ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi gemun kowannenmu, ya yi shiru. Wallahi da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi. Muka roƙe shi gafara. Ya ce shi ya yafe nasa, amma ƙafar ba tasa ba ce. Muka bi su asibiti, aka wanke aka naɗe, muka miƙa kuɗi ya ƙi karɓa. Daga ranar ban sake ganinsu ba, ko sunan yaron ban sani ba.

KUSKURE NE KO SAKACI?

Na san abin da wani zai ce: "Haba Malam, ai ba da gangan kuka yi ba, Allah kuwa niyya yake dubawa." To mu tsaya a nan. Gaskiya ne ba mu nufi cutar da kowa ba. Amma shari'a ta rarrabe tsakanin ɗaukar zunubi da biyan ɓarna. Wanda ya kashe mumini bisa kuskure ba a kashe shi, amma Suratun Nisa'i ta ɗora masa diyya da kaffara. Wanda ya juya cikin barci ya fasa tulun wani ba shi da zunubi, amma zai biya tulun. Malaman mazhabar Malikiyya har da wuta suka buga misali: wanda ya hura ta a ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi, ta tashi ta ci dukiyar wani, shi zai biya, domin duk mai hankali ya san abin da iska ke yi da wuta.

Sa'an nan namu ɗin ma, kuskure ne? Kuskure shi ne ka auna tsuntsu ka sami mutum. Mu kuwa mun sani. Wane ne a cikinmu bai taso ya ga mahaifiyarsa ko kakarsa tana binne garwashi cikin toka da dare, don ta tone da asuba ta dama koko ba tare da ta je ɗibar wuta maƙwabta ba? Binnewa ai hanyar adana wuta ce tun kaka da kakanni. Ƙasa tana rufe wa ido, tana kuma riƙe zafin awowi masu yawa. Abin da na sa aka yi ya fi barin garwashin a fili muni, domin da a fili yake yana ja, uban zai gani ya janye ɗansa. Tarko na kafa, na kuma share bakinsa. Kuma duk don me? Don rowar ruwa roba ɗaya. Sunan wannan sakaci.

Ba kuwa don ba a yi mana gargaɗi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari (R.A.) cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina. Da labari ya kai ga Manzon Allah (S.A.W.) sai ya siffanta wuta da cewa maƙiyiya ce, ya yi umurni a riƙa kashe ta kafin a kwanta. Wanda aka umurta ya kashe wuta a ɗakinsa, ina ga wanda zai bar ta a wurin da 'ya'yan mutane ke gudu ba takalmi?

MAƘWABCIN DA BAI ISO BA

Ga inda mas'alar ta yi zurfi. Da na koma masauki na kasa barci, na yi ta bitar yinin. Sai na ga maƙwabtanmu na dama mun kyautata musu matuƙa. Ni da kaina na sa aka matsar da murhu don kada hayaƙi ya bi ta kansu. Na hana yaran ɗaga murya. Babu wanda ya ɗaga ido wajen matansu, babu wanda ya ɗaga waya yana hoto ta wannan ɓangare. Mun aika musu da nama. Duk wannan daidai ne. Aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta lissafa abokin zama na gefe a cikin waɗanda aka ce a kyautata wa, malaman tafsiri kuwa sun shigar da abokin tafiya a ciki. To amma me ya sa na tuna da waɗannan, na manta da waɗancan? Domin waɗannan suna ganina. In na ɓata za su harare ni, in na kyautata za su ce madalla da mutanen Nijeriya. Watau a cikin kyautatawar nan akwai rabon Allah, akwai kuma rabon kunyar ido, ban san nawa ne na wanne ba. Wanda zai zo bayana kuwa ba shi da ido a kaina. Ba zai gode mini ba, ba zai zarge ni ba. Abin da na yi masa, shi ne ainihin abin da ke cikin tukunyata bayan an ɗauke murfi.

Ashe maƙwabtaka iri biyu ce a irin wannan wuri. Akwai wanda kuka haɗa katanga. Akwai kuma wanda kuka haɗa wuri amma lokaci ya raba ku: kai ka zauna da Magariba, shi zai zauna bayan Isha'i. Wuri ɗaya ne ya haɗa ku, shi dai bai iso ba tukuna.

In ka duba hadisan da suka yi magana a kan hanya da inuwa da ruwa, za ka ga da yawansu a kan wannan na biyun suke. Mutumin da Buhari da Muslim suka ba da labarin cewa ya janye reshen ƙaya daga hanya Allah ya gafarta masa, wa ya taimaka wa? Shi kansa bai sani ba. Muslim ya ruwaito kashedi a kan yin bayan gida a hanyar mutane ko a inuwar da suke hutawa, aka bayyana cewa aiki ne mai jawo tsinuwa. Ku dubi wannan da kyau: inuwar da ake hutawa. Ai wurin shaƙatawa ke nan na wancan zamani. Mai ƙazantar ya riga ya tafi, mai tsinuwar bai san shi ba, amma tsinuwar ta san hanyar gidansa. Haka nan Musulmin da ya dasa itace, duk mutum ko tsuntsu ko dabbar da ta ci daga gare shi an rubuta masa sadaka, ko da bai san an ci ba. Usman ɗan Affan (R.A.) ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, da yawa daga waɗanda suka sha ruwanta ba a haife su ba a ranar da ya biya kuɗin. Mu duka muna son irin wannan lada, muna kiranta sadaka mai gudana. To ƙofar da lada ke shigo maka daga wanda ba ka sani ba, ta nan alhakinsa ma yake shigowa. Ba ka da ikon ka buɗe wa ɗaya ka rufe wa ɗaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne wannan. Laifin da ke tsakaninka da Allah, ka daina, ka yi nadama, ka ƙudura ba za ka koma ba, Allah Mai gafara ne Mai jin ƙai. Haƙƙin bawa kuwa malamai sun ƙara masa sharaɗi: a mayar wa mai shi, ko ya yafe. Wanda ka ci bashinsa ka san ƙofar gidansa. Wanda ka zaga ka san fuskarsa. To wanda kwalbar da ka fasa ta yanke fa? Wanda tsinken tsirenka ya soke? Tsohuwar da ta zame a kan ɓawon da ka yar? Ina za ka same su? Ni Allah ya yi mini gata da makullin nan da aka manta, na ga abin da hannuna ya yi, na sami bakin roƙo. Da ba a manta shi ba, da na kwana ina jin na yini cikin alheri, na yi salla a kan lokaci, na raba gardamar ilimi, na tsince leda. Sai na tambayi kaina, sau nawa na yi irin wannan a rayuwata ba a manta makulli ba?

Kun san hadisin Muslim game da matsiyaci na gaskiya, wanda zai zo ranar Alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya cuci wannan ya cuci wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan mutane har ya ƙare. A da in na karanta shi fuskokin da na sani nake hangowa, ina lissafin wa zan je in roƙa. Yanzu baƙin fuskoki nake tsoro, waɗanda za su tsaya a gabana in ce ban san ku ba, su ce mu ma ba mu san ka ba sai yau.

Wani zai ce, "Ai akwai masu shara, albashi ake biyansu." Akwai su. A Saudiyya galibinsu baƙi ne da suka baro iyalansu a ƙasashe masu nisa, suna bin lungu-lungu da buhu a hannu. To shi mai sharar ba mutum ba ne? Ai shi ma yana cikin masu zuwa bayanka, hannunsa ne zai shiga tokar. Sa'an nan yaron nan bai jira mai shara ya zo ba.

Wani kuma zai ce, "Kayan gwamnati ne, ba na kowa ba." Wannan magana ta yi mana ɓarna a gida ba kaɗan ba. Je ka dubi filin Idi bayan an watse, ko wuraren da ake kai yara yawon Sallah, ko makwararar unguwa kwana biyu bayan layya. Lissafin a juye muke yin sa. Abin da ba na mutum ɗaya ba, na kowa da kowa ne, watau masu haƙƙin ƙaruwa suka yi. Wanda ya ɓata kayan mutum ɗaya, mutum ɗaya zai roƙa. Wanda ya ɓata na jama'a, wa zai fara roƙa?

Ɓarnar kuwa ba ta tsayawa a dare ɗaya. Bari in ba ku misali daga Turai. A tsakiyar Balin, babban birnin Jamus, akwai wani babban lambu da ake kira Tiergarten. Shekaru da yawa iyalai, da yawansu Turkawa mazauna birnin, suna taruwa a can a ranakun hutu na lokacin zafi suna gashin nama. Shara ta yi yawa, kuɗin kwashe ta ya yi wa hukumar yankin nauyi, daga shekarar 2012 aka hana gashi a lambun gaba ɗaya. Dokar ba ta tambayi wa ya kwashe nasa wa ya bari ba. Mai tsabta da mai ƙazanta tare aka hana su, har da yaran da ba a haifa ba a lokacin.

TO A DAINA ZUWA MANA?

Na san a cikinku akwai wanda tun ɗazu yake cewa a ransa, "Ka gani ko? Da Malam ya zauna a ɗaki yana karatu da duk wannan bai faru ba. Dama irin waɗannan wurare wasa ne da ɓata lokaci." Ban yarda da wannan ba, kuma ba zan bari a jingina wa labarina shi ba.

Hanzala (R.A.) ya taɓa zargin kansa da munafunci saboda in ya bar majalisin Manzon Allah (S.A.W.) ya koma cikin mata da 'ya'ya da gonaki sai halin zuciyarsa ya sauya. Manzon Allah bai tabbatar masa da zargin ba, ya nuna masa cewa kowane hali da lokacinsa. Shi kansa (S.A.W.) yana shiga lambun Abu Ɗalha da ake kira Bairuha ya sha ruwansa mai daɗi. Ya zauna a bakin rijiyar Aris ya zura ƙafafunsa a ciki, Abubakar da Umar suka zo suka zauna a gefensa suka yi haka. Ya yi tseren gudu da Nana A'isha (R.A.) a cikin tafiya. Don haka fita da iyali a sha iska, a ci nama, yara su yi gudu, halal ne, kuma da kyakkyawar niyya abin lada ne. Ni abin da nake gani ma shi ne mun gaza a nan. Saurayi ya yi aure, kullum yana majalisa da abokai har tsakar dare, matarsa da 'ya'yansa suna ɗaki ɗaya daga Sallah sai Sallah, in an ce ya fita da su sai ya ce tsantseni yake yi. Wannan magidancin da na gani yana fifita gawayi da kwali 'ya'yansa na kewaye da shi, ya fi shi sanin haƙƙin iyali.

Kuma gudun wuri ba ya gyara hali. Wanda ya binne garwashi a lambu, in ka hana shi zuwa lambu zai yar da ƙusa a titi. Ku tuna hadisin Abu Sa'id al-Khudri (R.A.) a Buhari da Muslim. Manzon Allah (S.A.W.) ya gargaɗi Sahabbai game da zama a kan hanyoyi, suka ce ba su da makawa, nan ne wurin hirarsu. Bai kore su ba. Sharuɗɗa ya gindaya musu: runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umurni da kyakkyawa, da hani da mummuna. Na lura samarinmu sun riƙe na farko, madalla, sun kuma riƙe na ƙarshe da hannu biyu, har wani lokaci ba su jira a tambaye su. Na biyun nan, kame cuta, shi ne maraya. Babu wanda zai gan ka kana yin sa, babu wanda zai ce wane mai riƙo da sunna ne don ya tsaya kashe garwashi. A wannan dare mu bakwai, da karatunmu da gardamar hadisinmu, mutum ɗaya ne ya tuna da shi, ni kuwa babbansu na hana shi.

Abin da ya wuce na waɗanda ba mu sani ba, malamai sun ce dukiyar da ke hannunka ta wani, ka neme shi ka rasa, ka yi sadaka da ita da nufin ladan ya je masa. A kan wannan nake ɗora abin da nake yi game da yaron nan da ire-irensa: sadaka da addu'a, da fatar Allah ya biya su daga taskarsa ya sa su yafe.

Abin da ke gaba kuwa mai sauƙi ne. In za ku fita gashi, ku ware ruwan kashe wuta tun daga gida, dabam da na sha da na alwala. In kun gama, a zuba ruwa a hankali, a kauce wa tururin, a juya tokar da sanda, a ƙara zubawa, har sai mutum ya kai bayan hannunsa kusa bai ji zafi ba. Inda aka tanadi wurin zuba toka a kai can. Tsinke da kwalba da gwangwani a tafi da su. In kuwa ƙaddara ta sa wani ya ƙone a gabanku, a kwarara wa wurin ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki ko manja ko ɗanyen ƙwai da ake shafawa a gida, sa'an nan a kai shi asibiti, musamman in yaro ne ko ƙunar tana tafin ƙafa ko hannu ko fuska.

Mun sake fita Wadi Hanifa sau biyu kafin in baro Riyad. Duk fitar, wannan ƙaramin namu shi ke tashi ƙarshe. Kowa ya shiga mota, mai tuƙi yana danna masa hon, shi kuwa yana durƙushe yana juya toka da tsinke yana yayyafa ruwa. Ban taɓa ce masa ya yi sauri ba.